Ɗiyata mai shekara 15 ta juya mini baya: in kai ta makarantar kwana, ko Zuru, ko in bar ta a gida?

Baban Alheri:

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina jinkirin kawo wannan magana, domin ba abu ne mai sauƙi ba magidanci ya buɗe cikin gidansa a gaban jama'a, amma lokaci ya ƙure mini. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Sakkwato, asalina Zuru, muna zaune a wajen Mabera. Ɗiyata ta fari shekararta 15, tana aji huɗu na sakandare a makarantar jeka-ka-dawo. Har zuwa bara ita ce ke tashinmu addu'ar asuba, ita ke karanta mana nassi, kuma tana cikin ƙungiyar mawaƙa ta matasa a majami'armu. Tun bayan Ista abubuwa suka canja. Ta daina zuwa koyon waƙa, kuma idan muka zauna sujadar gida da ƙarfe biyar da rabi, sai ta ɗora Littafi Mai Tsarki a cinyarta a rufe, ta zuba wa tabarma ido har mu ce amin. Ba ta rashin kunya da baki, amsarta ɗaya ce, “To, Baba,” sannan ta yi abin da ta ga dama.

Wata biyu da suka wuce uwarta ta je ɗibar garin tuwo, sai ta tarar da waya a ƙulle cikin leda a ƙasan bokitin. Wata ƙawarta ce ta ba ta tsohuwar wayarta. Na karɓe wayar na bincika ta kaf a gaban yarinyar, kuma ina roƙo a lura da wannan: ban ga saƙon saurayi ko ɗaya ba. Abin da ke ciki bidiyoyin TikTok ne, da hotunan ɗinki da kitso, da hirar ƙawaye a WhatsApp, inda na ga ta rubuta cewa gidanmu kurkuku ne. Ban doke ta ba, amma na faɗi maganganu masu zafi, kuma tun daga ranar abin da ke haɗa mu bai wuce gaisuwa ba. Na san ina tsananta mata, ba ta fita bayan ƙarfe shida, ba ta zuwa gidan kowa sai da ƙanenta. Amma duk wanda yake garin nan a watan Mayu na 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista a kan wani saƙo da ta tura, ya san abin da saƙo ɗaya a WhatsApp zai iya jawo wa yarinya, kuma wannan tsoron bai taɓa barina ba.

Yanzu hanya uku ce a gabana. Akwai wata makarantar kwana ta mishan a kusa da Jos da ta ce za ta karɓe ta a zango mai zuwa, kuma ranar Juma'ar makon gobe ce ƙarshen mayar da fom. Yayata da ke Zuru ta ce in kawo mata ita ta ƙarasa sakandare a hannunta. Uwarta kuwa ta ce ba inda za ta je. Ina so in ji daga waɗanda suka taɓa canja wa ɗiyarsu wuri a tsakiyar sakandare saboda irin wannan hali: nawa ne ainihin abin da kuke kashewa a zango har da kuɗin mota, yaya aka yi da batun jarrabawar WAEC ta kammala sakandare, kuma yaya tsakaninku da yarinyar ya kasance daga baya?

Maman 'Yan Biyu:

Baban Alheri, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Abu na farko shi ne ka karɓe wayar nan ba tare da ɓata lokaci ba, na biyu kuma ka binciki saurayin da ke hure mata kunne, domin yarinya mai wannan shekarun ba ta barin ƙungiyar mawaƙa haka kawai. Ka sa Zumuntar Mata su ɗauki azumin kwana uku a kanta.

Tsohon Soja:

Ƙanena, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin Magana 13:24 ba ta bar mu cikin duhu ba game da uban da ke ajiye sanda. 'Ya'yana mata uku duk makarantar kwana suka yi, ƙararrawa ke tashinsu, ƙararrawa ke kwantar da su, kuma dukansu suna ɗakin mazajensu lafiya. Autata da ta gama kwanan nan, naira dubu 180 nake biya mata a zango har da abinci. Ka mayar da fom tun kafin Juma'ar ta zo.

Malamar Sakandare:

Da girmamawa, Maman 'Yan Biyu, mai tambaya ya riga ya ce ya karɓe wayar kuma bai ga saurayi ba. Baban Alheri, game da WAEC, makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke turawa yana farawa ne tun daga aji huɗu, don haka idan za ka cire ta, ka karɓi takardar canjin makaranta da cikakken sakamakonta, ka kuma tabbatar sabuwar makarantar tana koyar da darussan da ta riga ta zaɓa. Game da kuɗi kuwa, Baba Soja, ina ganin lissafinka na kafin a cire tallafin man fetur ne a 2023. Ɗiyar ƙanwata tana wata makarantar mishan a Filato, kuma zangon da ya wuce naira dubu 420 aka biya, ban da kayan makaranta da kuɗin hannu. Mota daga Sakkwato zuwa Jos yini guda ce cur, ta Gusau da Funtuwa da Zariya, kuma ba za ka bar yarinya ta bi wannan hanya ita kaɗai ba, don haka kujera biyu za ka riƙa lissafawa a kowace tafiya.

Baban Rahila:

Ban yi niyyar cewa komai ba, amma da na karanta kalmar nan “kurkuku” sai na kasa barci, domin irinta ɗiyata ta rubuta a bayan littafin lissafinta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ita ma ba saurayi gare ta ba a lokacin. Laifinta shi ne ta fara mayar mini da magana, ta kuma ce ba za ta shiga ajin baftisma ba sai ta ji a ranta. A lokacin ina dattijon ikilisiya, kuma abin da ya fi cin raina ba halin yarinyar ba ne, abin da mutane za su ce ne idan suka ga ɗiyar dattijo ba ta cikin waɗanda za a yi wa baftisma. Ban gane haka ba sai daga baya.

Na yanke shawara ni kaɗai cewa za ta koma wurin ƙanwata a Kaduna. Ban gaya mata ba sai daren da za ta tafi. Da asuba na goya ta a babur zuwa tasha da jakar buhu guda ɗaya, na biya kuɗin mota, na miƙa mata naira dubu biyu ta taga. Ba ta karɓa ba. Na ajiye mata a cinya, ta bar kuɗin suka zame ƙasa tsakanin ƙafafunta, idonta yana kan bayan kujerar da ke gabanta. Har motar ta tashi ba ta waiwayo ba. Na koma gida ina gaya wa kaina cewa na yi aikin uba.

Ƙanwata mace ce ta kirki, amma tana da shago da 'ya'ya biyar nata, kuma yarinyar da aka kawo da sunan ta gagari ubanta ba wanda ke kallonta da idon tausayi. Ita ce wanke-wanke, ita ce tsaron shago bayan makaranta, kuma duk abin da ya ɓata a gidan ita ake fara tambaya. Idan na buga waya sai ta ce lafiya lau, ta miƙa wa gwaggonta. A can ne ta haɗu da wani yaro ɗan ƙungiyar matasa wanda, kamar yadda ta gaya wa uwarta daga baya, shi ne mutum na farko a cikin shekara guda da ya tambaye ta abin da ke damunta. Tana da shekara 17 aka dawo mini da ita da ciki wata biyar, saura 'yan watanni ta rubuta WAEC. Abin da na kore ta don gudunsa bai kai rabin abin da na jawo ba, na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Aka sa ta a horo a majami'a. Wata tara tana zama a bencin baya, ba ta cin jibin Ubangiji, ba ta waƙa, kuma ni da kaina na zauna a taron dattawan da ya yanke hukuncin, na ɗaga hannu tare da su. Yaron kuwa iyayensa suka tura shi karatu wani gari, ba wanda ya kira sunansa daga bagade. Yau tana aikin ɗinki a Minna, jikana yana firamare. Tana aiko wa uwarta atamfa kowace Kirsimeti, ni kuma tana gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida maƙwabci. Sau biyu na nemi gafararta, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, amma hirar da muke yi tana ƙarama, lokacin da take zama a kan tankin babur ɗina tana ƙirga mini raƙuman da ke shiga kasuwar Kara, ba ta dawo ba. Baban Alheri, ban san makarantar da kake magana a kai ba, wataƙila mai kyau ce. Abin da na sani shi ne, yarinyar da aka tura wani wuri cikin fushi ba ta jin an kai ta gyara, ji take yi an yar da ita.

Maman 'Yan Biyu:

Wayyo Baban Rahila, na karanta da hawaye. Ubangiji da ya komo da ɗan nan da ya ɓata a Luka 15 zai komo maka da zuciyar ɗiyarka. Kana da lambarta? Ka riƙa kiran jikanka kowace Lahadi, ta wurin yaro ake samun uwa.

Ɗan Dabai:

Baban Rahila, Allah ya sanyaya maka. Amma Baban Alheri, kai ɗan Zuru ne, ka manta da maganin da kakanninmu suka bar mana? Ka sanar a majami'a cewa duk yaron da ya kalli ɗiyarka sai ya yi maka golmo, noman shekara bakwai cur. Ina tabbatar maka samarin TikTok ɗin nan ko kunya ɗaya ba za su kai ƙarshenta ba, za su watse da kansu.

Dattijo daga Arkilla:

Ɗan Dabai, wannan ba wurin raha ba ne, mutum ya kawo kukansa. Ina kuma so in ja hankalin jama'a cewa labarin Baban Rahila, duk da zafinsa, labarin gida ɗaya ne. Shekarata 26 a cikin dattawan ikilisiya, kuma na ga yara da yawa da canjin wuri ya cece su. A ganina maganar tarbiyyar ɗiya mace ta waɗanda suka rena suka aurar ce, ba ta kowa da kowa ba. Baban Alheri, ka ɗauki yarinyar da uwarta ku je wurin fastonku, shi ne makiyayin da aka ba amanarku. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ɗiyar Fasto:

Baba Dattijo, ina gaishe ka da girma, kuma na san ban aurar da kowa ba, ni kaina ban yi aure ba. Amma a duk waɗanda suka yi magana, ban ga wanda ya taɓa zama yarinya mai shekara 15 a gidan Kirista a Sakkwato ba sai mu mata, don haka ka yi haƙuri in faɗi nawa. A waje muna taka-tsantsan da suturarmu, da abin da muke faɗa a aji, da wanda muke gaisawa da shi. Idan muka dawo gida muka tarar da wani sabon tsaron, ba sauran wurin da za mu yi numfashi. Ni ma na daina waƙa ina da irin shekarunta, kuma dalilin ba zunubi ba ne: shugabar ƙungiyar ce ta tsayar da ni a gaban kowa ta ce siket ɗina bai dace da ɗiyar fasto ba. Shekara biyu babana yana yi mini wa'azi a kan taurin kai, bai taɓa tambayata abin da ya faru ba. Baban Alheri, ka ce tun bayan Ista ta canja. Me ya faru a lokacin Ista? Kuma don Allah kada ka fara da kai ta gaban fasto, domin a idonta wannan kotu ce, kuma kafin Lahadi maganar ta zagaya Zumuntar Mata. Afisawa 6 da ake karanta mana kullum a kan biyayya ga iyaye, aya ta huɗu da ubanni take magana, kan kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi.

Dattijo daga Arkilla:

Ɗiyata, ba a koya wa dattijo Afisawa. Aya ta huɗun da kika ambata ba ta tsaya a nan ba, ta ci gaba da cewa a goye su cikin horo da gargaɗin Ubangiji. Kuma ban ji daɗin yadda kika shafa wa matan ikilisiya baƙin fenti gaba ɗaya ba.

Malamar Sakandare:

Baba Dattijo, idan sai wanda ya aurar ne zai yi magana, to, Baban Rahila ma dattijo ne, ga kuma abin da ya faɗa da bakinsa. Ni kowace safiya 'yan mata fiye da hamsin nake tsayawa a gabansu, kuma abin da suke gaya mini a ofishin malamai ba sa gaya wa iyayensu, ba sa gaya wa fasto. Ina kuma mamakin yadda aka yi ta magana ba wanda ya taɓo tsaro. A 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai mata a Jangebe ta Zamfara a watan Fabrairu, aka kwashe na kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni, sannan na makarantar Baptist ta Bethel a Kaduna a watan Yuli. Uban da ke tsoron fitar ɗiyarsa bayan ƙarfe shida a Mabera, yaya zai yi barci tana makarantar kwana mai nisan yini guda, ko tana kan hanyar Zuru sau shida a shekara?

Tsohon Soja:

Malama, idan tsoro za a bi, ba yaron da zai yi karatu a Arewa. Kuma ban yarda da dubu 420 ɗin nan ba. Na kira wani abokina yanzu, ya ce shi dubu 250 yake biya a wata makarantar ikilisiya a Kaduna, kuma ana sassauta wa 'ya'yan membobi.

Baban Gloriya:

Baba Soja, wane sassauci? Ni na je da kaina da takardar shaidar zama memba daga fastonmu, aka ce mini dubu 600 a zangon farko idan an haɗa da kayan makaranta, katifa da kuɗin gini, kuma ba a rage ko sisi ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira dubu 70 ne. A lissafa mini wata nawa ƙaramin ma'aikaci zai yi bai ci ba bai sha ba kafin ya biya zango ɗaya. Iyayenmu mata sun ɗauki yashi da duwatsu a ka aka gina irin waɗannan makarantu, an yi baiko na musamman shekara da shekaru, yau kuma 'ya'yan waɗanda suka ɗauki yashin ba sa iya wuce ƙofar. Na bar tawa a makarantar gwamnati, ina biya mata darasin yamma.

Maman Talatu:

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne bencin bayan da Baban Rahila ya ambata. Ɗiyar yayana ta zauna a kansa wata shida, kowace Lahadi tana shigowa bayan an fara sujada don kada a haɗa ido da ita, tana fita kafin albarka. Wanda ya yi mata cikin yana gaba yana kaɗa ganga, domin ya musanta kuma shi ba abin da ya fito a jikinsa. Baba Dattijo, tunda kana cikin masu yanke irin wannan hukunci, ina roƙo ka gaya mana sau nawa a shekara 26 ka ga an sa namiji a horo saboda wannan laifi. 'Yan matanmu suna kallo, suna kuma lissafi, shi ya sa da yawansu ke rufe Littafin a cinyarsu.

Dattijo daga Arkilla:

Maman Talatu, an sha sa maza a horo, ni shaida ne, amma ikilisiya ba ta hukunci sai da shaida ko amsa laifi. Horo ba wulaƙanci ba ne, hanyar komo da mai zunubi ce, kamar yadda Matiyu 18 ta shimfiɗa. Na yarda akwai inda ake kuskure, musamman idan yaron ɗan wani babba ne, kuma na taɓa tsayawa ni kaɗai a taro a kan haka.

Baban Rahila:

Matiyu 18 ta ce a fara da zuwa wurin mutum a keɓe, kai da shi kaɗai. Ni ban yi wannan da ɗiyata ba, kuma dattawan da na zauna da su ba wanda ya yi. Daga bagade ta fara jin hukuncinta, tare da sauran jama'a.

Baban Alheri:

Na gode muku duka, na karanta kowace amsa, wasu sau biyu. Ɗiyar Fasto, tambayarki ta hana ni sukuni. Jiya da yamma na ce wa yarinyar ta raka ni sayen kifi, na goya ta a babur, kuma a hanya na tambaye ta abin da ya faru a lokacin Ista. Ta yi shiru har muka isa. Da muke dawowa, dab da kwanar gidanmu, sai ta ce, “Baba, kai ba ka tambaya, faɗa kawai kake yi.” Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban matsa ba. Fom ɗin yana cikin jakar aikina, na cike rabi, kuma yayata ta sake kira daga Zuru da safen nan. Har yanzu ban ji daga wanda ya kai ɗiyarsa makarantar kwana a aji huɗu ko biyar ba, bayan ta riga ta saba da gida. Idan akwai, ina jira kafin Juma'a.

Maman Talatu:

Ubangiji ya ba ka hikima, Baban Alheri. Baba Dattijo, ka ce ka taɓa tsayawa kai kaɗai a taro. To, a ƙarshe an sa yaron a horo, ko yarinyar ce kaɗai ta koma bencin baya?

Baban Gloriya:

Ni ma ina jiran wannan amsar. Kuma idan an gama da ita, ina so a taron ikilisiya na ƙarshen shekara a karanta mana a fili nawa makarantunmu ke samu, da kuma 'ya'yan membobi nawa ne ke cikinsu.